Sawun da Ya Ɓace a Gindin Gawo

Ranar Juma'a aka sace jakar Imrana, maza suna masallaci, bayan ruwan safe ya ɗauke.

Babu kuɗi a ciki. Fasfo biyu ne, nasa da na matarsa Mutmainna, da takardar gama sakandare, da wata takarda mai rubutun Faransanci wadda ta ce an haife shi a Garin Barmo, ƙasar Nijar. Wayar Mutmainna tana kan gado. Ba a taɓa ta ba.

Kafin la'asar rabin Magama ta taru a ƙofar gidan. Dama mutane ba su da abin yi. Tun da sojoji suka karɓi mulki a Yamai aka rufe iyaka. Manyan motoci sun yi layi a bakin titi, albasa tana ruɓewa a cikinsu, direbobi suna kwana a gindin tayoyi. 'Yan dako da 'yan canji da 'yan acaɓa suna ta zagaye, kowa yana neman inda zai sauke haushinsa.

"Sadisu mai kafen intanet ne. Shi ya cike masa takardun tafiya, shi ya san darajarta."

"Kai, ƙanen Imrana dai. Ba ku ji abin da yake faɗi wurin mai shayi ba?"

"Ku binciki matar. An ce kullum cikin kuka take."

Mai unguwa ya aika aka kira Abu.

Abu ya yi shekaru yana bi wa kwastan sawun 'yan fasa-ƙwauri. Da suka sallame shi ya koma bin sawun shanun sata. Yanzu daji ya fi ƙarfin mai sanda ɗaya, sai ɓatan akuya ake kiransa. Dogo ne, ba ya son zama, kuma in ana masa magana ƙasa yake kallo.

Ya iso ya dubi taron, ya dubi taɓon da suka kirɓa a ƙofar zaure.

"Madalla. Kun taimaki ɓarawo."

Daga arewa hadari yana haɗuwa. Abu ya ɗaga kai ya auna shi sau ɗaya, ya shiga.

* * *

Imrana malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi. Yana kai da kawo a tsakar gida, hularsa ta Juma'a a hannu, ya murɗe ta kamar tsumma.

"Baba, Talata za mu tafi Legas. Ganawa da Amurkawa. In ban je da takardun nan ba, shi ke nan."

"Su ba ka wata rana."

"Babu wata rana. Satumban nan in ya ƙare an rufe na bana. Wanda bai karɓi bizarsa ba, ko ciwo ne ya kwantar da shi, ta wuce shi."

"A sake takardun."

"Fasfo sai an yi makonni. Ta haihuwar kuwa daga meri, ofishin magajin garin Ɗan Isa, na karɓo, kafin a rufe boda. Ko na bi ta daji, wa zai buga mini hatimi cikin wannan yamutsi?"

"Koma can. Kana taka mini ƙasa."

'Yan kallo ba su shigo tsakar gida ba, yashin ya riƙe komai. Abu ya tsuguna a ƙofar ɗakin Imrana. Sawun silifa ne manya, na hagun an ɗaure maɗaurinsa da ƙusa, kan ƙusar ya fito a kowane taku. Mai silifan ya zo ƙofar ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har ƙasa ta lotsa. Ya juya ya koma baya kaɗan. Ya sake dawowa. Daf da dokin ƙofa kuma ga shatin silifan biyu a jere, kai da kai, sama-sama, babu nauyin mutum a kansu.

Abu ya ɗauko daro ya kife a wurin.

Mutmainna tana leƙe ta kafaɗarsa. "Wannan ai silifan Shamsu ne."

"Na tambaye ki?"

Amma wata maƙwabciya da ke leƙe ta katanga ta ji. Kafin Abu ya miƙe, sunan ƙanen Imrana ya fita titi.

Ya bi sawun ta ƙofar baya, ta lungu, ta bayan injin niƙa, har bakin kwalta. Nan ya ɓace tsakanin tayoyi da baƙin mai. A tsallaken titin, ido da ido, shagon Sadisu ne.

* * *

Sadisu yana zaune cikin duhu tsakanin kwamfutoci uku, babu wuta. Ya tura kujera.

"Zauna, Baba."

"Yi magana. Wannan abin da Imrana ya ci, mene ne?"

"Kowace shekara wajen kaka, Amurka tana buɗe shafi a intanet. Ka sa sunanka, da hotonka, da inda aka haife ka, da matarka da 'ya'yanka kaf. Ka ɓoye ɗaya, ka faɗi. Ka shiga sau biyu, su watsar da kai. Miliyoyin mutane ke shiga. Na'ura ce ke zaɓe. Ba ta san ɗan alhaji ba, ba ta san ɗan dako ba."

"Caca ke nan."

"Liman ma haka ya ce, sai da na zaunar da shi. Ba a zuba ko kwabo. Ƙuri'a ce. Ni ladan hoto da cikewa nake karɓa."

"In ta faɗo kanka sai jirgi?"

"Ina! Izinin shiga layi ne kawai. Suna zaɓen mutane fiye da bizar da ke akwai, kowa da lambarsa. Ta Imrana tana can baya, shi ya sa layi bai zo kansa ba sai watan ƙarshe. Sai likita, sai ganawa. In ka tsallake, ka je ka zauna dindindin, ka yi aikinka."

"Kai ka shiga?"

Sadisu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "A Jibiya aka haife ni. 'Yan Najeriya an cire mu tuntuni, wai mun yi yawa can. Ba fasfonka suke dubawa ba, ba inda kake zaune ba. Inda ka faɗo duniya. Imrana ɗan fari ne, innarsa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Garin Barmo, ta haife shi can. Shamsu uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma nan aka haife shi, ba shi da hurumi. Al'ada ce ta ba Imrana, ba wayonsa ba. Na cike wa mutanen Maraɗi da Ɗan Isa ba adadi. Ni ina nan ina kaɗa ƙuda."

"Ka ji haushi."

"Na ji. Ina ji."

"An ce masu irin aikinka suna riƙe lambar mutum sai ya biya."

"Wasu na yi. Ni ranar da na cike na damƙa masa tasa. To in na ɗauki fasfonsa in yi mi da shi? Hotonsa yana hannunsu, za su ɗauki zanen yatsunsa. Ko tagwaye ne ɗaya ba ya shiga wa ɗaya. Jakar nan a hannun kowa shara ce, sai shi."

Abu ya dubi ƙafafun Sadisu. Sau ciki ne masu tsini.

"Yaushe rabonka da gidansu?"

"Laraba. Na je ina koya masa ganawa. Na ce da ka shiga za ka ɗaga hannun dama ka rantse duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Za su tambaye ka ina aka haife ka. In suka kama ƙarya, kai da ƙasarsu har abada."

"Wa ke wurin?"

"Shi da matarsa. Shamsu yana ta sa baki. Innarsu tana gefe tana tsintar wake."

Aka yi tsawa can nesa. Abu ya fita ba sallama.

* * *

Mutane sun ritsa Shamsu wurin mai shayi. Wani ɗan dako ya riƙe masa wuyan riga, mai unguwa yana ta "ku bari, ku bari" ba mai jinsa. Abu ya sa sandarsa tsakani.

Shamsu ɗan acaɓa ne, da can yana kai fasinja Ɗan Isa. Tun da aka rufe iyaka babur ɗinsa yake jingine.

"An ce ka ce a ba ka kujerar yayanka," in ji Abu.

"Na faɗa! Zan ƙara faɗa! Baffa Lawal da ƙafa ta hana shi zuwa Makka, ba ɗansa aka mayar wa kujerar ba? Yaya yana da aiki, yana da mata. Ni ke zaman kashe wando. Ai gida aka ba, ba shi kaɗai ba."

"Sadisu ya ce ba a yi."

"Sadisu bai san mutane ba ne. Mi ne ne ba a yi a ƙasar nan?"

"Ba ƙasar nan ba ce, sakarai," wani ya ce daga baya. Aka yi dariya.

"To ka ɗauka?"

"In ɗauki kayan Yaya? Wallahi ina sahu na biyu a masallaci. Ku tambayi Zubair mai faci, shi ya taka mini ƙafa."

"Ina silifanka?"

"Ƙofar ɗakina. Kowa sa su yake. Mai zuwa bayan gida, mai zuwa zubar da shara. Silifan gwamnati ne."

"Taka nan. Har wurin turken can."

Shamsu ya taka cikin jiƙaƙƙen yashi. Takunsa dogo ne, diddige yana nutsewa. Abu ya tuna sawun lungu: gajeren taku, yatsu suna danna tsakiyar silifa, bayan yana jan ƙasa. Ƙaramar ƙafa ce cikin babban takalmi.

Ya ce wa mai unguwa, "Ajiye shi kusa da kai. Wanda ya taɓa shi, sawunsa zan bi gobe."

* * *

Mutmainna ba ta jira tambaya ba.

"Na ji abin da suke cewa. E, na yi kuka. Uwata tana garin Kusa, ban san ranar da zan ƙara ganinta ba. Amma na sayar da gadon aurena, na sayar da keken ɗinkina, na tsaya an ɗauke ni hoto kunnuwa a waje kamar zomo. Bayan duk wannan in ɓoye fasfona? Ina gidan Hassana ana mini kitso. Ga kan nan, rabi ne, duba."

"Makulli fa?"

"Saman ƙofa. Duk gidan an sani."

A can ƙarshen tsakar gida, bakin madafa, Hajo tana zaune tana tsinke tafasa cikin ƙwarya. Ita ce ta haifi Imrana da Shamsu. Mijinta ya rasu. Duk unguwa Innar Shamsu ake kiranta, ba a taɓa cewa Innar Imrana ba.

"Sannu da aiki, Innar Shamsu."

"Sannu, Malam Abu. Ya ƙoƙari?"

"Kina ina aka yi abin nan?"

"Na fita neman ganye."

"Imrana ya ce in jakar ba ta fito ba tafiyarsa ta rushe."

Ba ta ɗago ba. "Wancan? Abin da Allah ya rubuta masa shi zai gani."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, in yana ciwo sai ta tambayi wani. Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, ba wanda ya ga abin magana.

Silifan Shamsu suna jingine da bango, an wanke su tas. Abu ya ɗaga na hagun. A ƙasansa ƙaya ta karye, fara, gajera. Ya zare ta da farce. Ƙayar gawo ce. Cikin Magama an daɗe da sare gawo na ƙarshe.

Ya juya ga Mutmainna, ya yi ƙasa da murya. "Surukarki tana shiga ɗakinku?"

Duk da halin da ake ciki sai da ta yi dariya. "Inna? Tun da aka kawo ni gidan nan ko inuwar ƙofar ba ta taɓa takawa ba."

Iska ta taso ta kwashi ledoji. Abu ya mayar da silifan inda ya same su, ya fita da sauri.

* * *

Ya tsallaka kwalta, ya ratsa tsakanin motoci, warin albasa yana binsa. Ya yi ta zagaye a bayan layin har ya ga kan ƙusa a yashi. Sawun ya shiga gonaki, ya yi arewa.

Gero ya fi mutum tsawo. Hanyar siririya ce, tsohuwar hanyar jakuna wadda aka daina bi tun da aka yi titi. Mai silifan ba ya lalube. Inda hanya ta rabu, bai tsaya ba. Wuri ɗaya kawai ya ratse, ya tsinki tafasa, ya dawo.

Abu ya wuce wani abu a cikin geron, ya taɓa shi da sanda kamar mai gaida tsohon abokin aiki, ya ci gaba.

Gawon yana tsaye shi kaɗai, babu ganye ko ɗaya, yadda gawo yake yi da damina. A gindinsa ta gabas ga shatin gwiwoyi biyu, ga ƙasa sabuwar tonawa an daddale ta da tafin hannu.

Bai tona ba. Ya ciro ƙaramar wayarsa ya kira mai unguwa.

"Ka zo da Imrana da matarsa, da Shamsu, da Sadisu, da innarsu. Su kaɗai. Ku biyo tsohuwar hanyar jakuna. In kun zo mararraba kada ka ce komai, ka bar su su zaɓa."

Ya kashe. Ya yi ta zagaya bishiyar yana duban sama.

* * *

Hajo ce ta fara fitowa daga cikin geron. Sauran suna bayanta. Mai unguwa yana haki, ya tattare babbar rigarsa.

"Wa ya zaɓi hanya?" in ji Abu.

Mai unguwa ya nuna ta da haɓa.

Abu ya dogara da sandarsa. "Zan taƙaita, ruwa na zuwa. Sadisu ya ji haushi, amma ya san jakar ba ta da amfani ga kowa sai mai ita. Shamsu bai san haka ba, har yanzu bai yarda ba, amma ƙafarsa ta cika silifansa, ta wanda ya sa su yau ba ta cika ba. Mutmainna ɗakinta ne. Da ita ce, da ta shige kai tsaye."

Ya yi zane a ƙasa da bakin sanda.

"Wanda ya ɗauki jakar ya zo ƙofa ya kasa shiga. Ya koma. Ya dawo. Sannan ya cire takalmi ya jera su, ba kowa a gidan, ba mai ganinsa. Na bi ɓarayi tun ina saurayi, ban taɓa ganin wanda ya ji kunyar ɗaki ba. Mutum ɗaya ne a gidanku ɗakin nan ya yi wa nauyi haka."

Ba wanda ya dubi Hajo.

Imrana ya ce, "Inna?" Muryarsa ta fito kamar ta yaro.

Ta juya wa kowa baya, ta fuskanci gawon, ta yi magana da Abu.

"Malam Abu, ka ce wa wancan ba a Garin Barmo aka haife shi ba."

Iska ta kwantar da geron ta tayar.

"An makara kai ni goyon ciki. Uban mijina yana jinya, ba wanda ya tuna da ni sai da wata ya kama. Gwaggona ta zo da jaki ta ɗauke ni. Nan ciwo ya kama ni. Nan na durƙusa. Nan ta binne mabiyiya, inda na sa jakar. Muka jira duhu muka ƙarasa gida, aka ce a ɗaki na haihu, don kada a ce ɗiyar Malam ta haihu a hanya kamar akuya. Can aka yi suna, can aka rubuta. Gwaggo ta rasu. Saura ni."

"Shekara talatin ba ki faɗa ba?" in ji Mutmainna.

"In faɗa wa wa? In zaunar da shi in ba shi labarin naƙudarsa?" Ta gyara mayafi. "Da ban damu ba. Sai Laraba na ji yaron nan mai kafe yana cewa zai ɗaga hannu shi rantse. Kan inda aka haife shi. Kan maganar da ni na san ba haka take ba. Ba zan iya hana shi da baki ba. Ba zan bari shi rantse kan ƙaryata ba."

Imrana ya juya ga Sadisu. "In a Najeriya ne fa?"

Sadisu ya girgiza kai. "In a Najeriya ne, tun farko bai kamata ka shiga ba. Matarka 'yar Kusa ce, babanka ɗan Jibiya, duk Najeriya. Ba ta inda za a raɓa ka." Ya dubi sauran, ya rage murya. "Amma takarda ta ce Garin Barmo. Mu bakwai ne nan. Wa zai faɗa?"

"Ni ban ji komai ba," in ji Shamsu. "Iska ta yi yawa."

Imrana ya yi taku zuwa gindin bishiyar, ya dawo, ya sake komawa. Ya dubi ƙasar da aka daddale. Shekara biyu yana jiran layin nan. Ya riga ya kai wa makaranta takardar ajiye aiki.

"Da ban sani ba, da na rantse," ya ce. "Yanzu na sani." Ya jefar da hular. "A bar ta a ramin."

Mutmainna ta zauna a ƙasa, kitsonta rabi.

Abu bai motsa ba. "Innar Shamsu, wa ya ce miki nan Najeriya ce?"

"Igiyar shingen jandarman Nijar tana can gaba, bakin ƙorama. Ba mu kai ba. Ina jin muryoyinsu, Gwaggo tana toshe mini baki."

"Jandarma inda inuwa take suke ɗaura igiyarsu. Ku biyo ni."

Ya koma da su baya ta hanyar da suka fito, ya ratsa kunyoyin gona, ya buɗe geron da sanda. Ginshiƙin siminti ne, tsawonsa iya gwiwa, ya yi baƙi, gefensa ya lashe inda manoma ke wasa fartanya. Akwai lamba a jikinsa.

"Wannan ce iyakar. Tun kafin a haife ni take nan. Da muna bin 'yan fasa-ƙwauri, nan muke cin birki. Su tsallaka, su zauna gindin gawon can su kunna taba, suna ɗaga mana hannu. Ba mu da ikon ƙara taku ɗaya. Gonar da bishiyar take, ta mutanen Garin Barmo ce, can suke kai haraji."

Sadisu ya tsuguna ya shafa lambar. Ya dubi gawon, ya dubi ginshiƙin, ya sake duban gawon.

"To ai takardar ba ta yi ƙarya ba," ya ce a hankali. "Ɗaki ne kawai babu."

Mai unguwa ya zabura. "Tsaya, Abu. Mu yanzu da muke can, a ina muke?"

"Nijar. Boda a rufe, ba ku da ko katin shaida."

"La'ilaha illallahu! Ku tono abin nan mu bar wurin nan!"

Shamsu ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Mutmainna tana dariya tana share ido. Imrana ya sunkuya dafe da ginshiƙin kamar wanda ya sha gudu.

Hajo ba ta yi dariya ba. Ta koma gindin gawon ita kaɗai, ta durƙusa inda gwiwoyinta suka bar shati, ta tona da hannu. Ta ciro jakar cikin leda biyu, an ƙulle bakin da kyau don kada ruwa ya shiga. Ta kakkaɓe ta. Ta wuce Imrana kamar ba ta gan shi ba, ta miƙa wa Mutmainna.

"Ki ba shi."

Fuskarta ba ta wanda aka sauke wa kaya ba ce.

"To," ta ce. "Ba sauran abin da zai hana ke nan."

* * *

"Mi za mu ce wa mutane?" in ji mai unguwa.

"An tsinci jaka a gona."

"Ni fa da aka yaga wa riga?" in ji Shamsu. "Yaya, in ka je ka aiko mini da babur mai kyau. Tunda kujerar ba a bayarwa."

"Ka yarda ke nan?"

"Ban yarda ba. Na haƙura ne."

Suka kama hanya a jere. Imrana yana gaba, ya rungume jakar a ƙirji, yana sauri, yana lissafa wa Sadisu motar da za su shiga. Hajo tana can baya. Ta tsaya kamar mai cire ƙaya, sannan ta bi su.

Abu ne na ƙarshe. Idonsa yana ƙasa, don bai iya tafiya ta wata hanya ba. Ga sawun Imrana, sau ciki mai sabon dunduniya, dama, hagu, dama, hagu. Sai wuri ɗaya babu na dama. Ɗan rami ne a madadinsa, da shatin yatsu huɗu a gefe.

Ya ɗaga kai. A bakin mayafin Hajo akwai sabon ƙulli, ƙarami, yana lilo a bayanta.

Ya san abin. Ya ga tsofaffin mata suna yi a tasha da bakin rijiya. Ƙasar sawun matafiyi ce, ana ajiye ta a ɗaki don ƙafar da ta taka ta ta dawo.

Ya sa diddige ya shafe ramin. Ɗigon farko ya faɗo a kan sandarsa.